Gashin Agara

Auta,

Na tafi asibiti wajen gashin ƙafa. Na leƙa ɗakinka na ga kana barci, ban so in tashe ka ba. Abincinka na cikin kula.

Ban samu na gaya maka yadda muka yi ranar Litinin ba, tunda kwana uku ke nan sai takalmanka nake gani a bakin ƙofa. Likitar ta yi mini faɗa. Ni da na ji an ce gashi, sai na dawo gida na yi ta gasa jijiyar agarar da tawul da ruwan zafi safe da yamma, har fatar ta fara saɓulewa. Ashe gashin nasu motsa ƙafa ne: in hau bakin matakala, in yi ɗage, in sauke dunduniya a hankali, sau goma sha biyar. Ta ce in na yi wasa jijiyar na iya tsinkewa.

Ta tambaye ni wa ke riƙe ni idan ina yi. Na ce ɗana. Kunya ce ta sa, ka yafe mini. To yanzu ta ce in zo da kai gobe Alhamis ƙarfe goma, ta nuna maka yadda ake riƙon.

Idan aiki bai bar ka ba, babu komai. Kujerar marigayi Babanka nake dafawa, kuma ba ta taɓa kayar da ni ba. Da tana shiga mota, da ita zan kai wa likitar.

Mama