Hannun da Ya Ɗaura Inji

Tudun Ƙofa, Keffi

Ɗana Mijinyawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya sanyin Japan? Mu nan kalau muke, uwarka Hajo tana gaishe ka.

Kai, yaron nan, ka fitar da ni kunya! Tun da ka ce ka samu aiki, ba wanda ban gaya wa ba a gareji cewa ɗana yana ƙera mota. Ai Japan ce, me za a yi a can in ba mota ba? Chukwudubem mai kayan gyara har lemo ya saya mini, wai ka tuna da shi. Aiko da hoto cikin kayan aiki, in liƙa a bango.

Mahaifinka,
Ubale makanike

Ɗana Mijinyawa,

Bayan gaisuwa, ya jikin tsohon da ka ba ni labarinsa? Na karanta saƙonka. Ashe a gidan kula da tsofaffi kake, kana yi musu wanka, kana ba su abinci a baki. Ba zan ɓoye maka ba, ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Amma maganar da ka yi, wai in na ji kunya za ka ajiye aikin ka dawo, kul! Kada in ƙara ji.

Ka ce cikin ma'aikata goma a can, bakwai hidimar mutane suke yi, a kanti da asibiti da ofis. Masana'anta da gini biyu ne da 'yan kai, manoma kuwa cikin ɗari da ƙyar su kai uku. Da na faɗa a gareji, musu ya kaure har la'asar. Rasaki mai fenti ya rantse ƙarya ce. To wa ke ƙera motocin da suka cika hanyar Akwanga, aljanu?

Sai na kai inda ka ce tsohon da kake kula da shi rayuwarsa duka injin mota ya ɗaura, yanzu ko cokali ba ya iya riƙewa. Allahu akbar! Tun ina saurayi nake kwance aikin mutumin nan, ina mamakin wane ne shi, ashe ɗana ne zai same shi!

Ka gaishe shi, ka ce makaniken Keffi ya sara masa. Gobe in ka zo yi masa wanka, ka wanke hannuwan nan a hankali. Su suka ciyar da kai.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Ubale