Ƙwayar Gwiwata da Jinin Auta

Zuwa ga ɗana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya tsare min ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Babanku yana nan lafiya, sai hawan jinin da ka sani. Kullum da hantsi yakan zo ya tsaya bayan gilashin ɗakinmu na asibiti ya ɗaga wa ƙanwarka Auta hannu, ita kuma ta yi masa gwalo, sannan ya koma ya buɗe shago. Gida kuwa ban san halin da yake ciki ba, don yau kwanana arba'in da ɗaya ban taka ƙofarsa ba. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yi, gwiwar kuma ba ta da daɗi. Jiya da ka kira na ce maka komai lafiya. Ba lafiya ba ne, ɗana. Bakina ne ya kasa, ga kuma ƙanwarka kwance tana jin duk abin da na faɗa, shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in fara da ɗakin da muke, don ka san inda maganar ta fito. Tun da aka yi wa Auta dashen ɓargo suka sa mu a wani ɗaki mai ƙofa biyu. Sai ka shiga ta farko ka rufe, ka wanke hannu har gwiwar hannu, ka sa riga da takunkumi, sannan a buɗe maka ta biyu. Tagar ba ta buɗewa. Daga gado zuwa bango taku shida ne, na ƙirga har na gaji. Mutum ɗaya suka yarda ya zauna da mara lafiya, kuma da ya yi ko atishawa sai a fitar da shi. A satinmu na farko na ga an fitar da uwar yaron da ke ɗakin kusa da mu saboda mura. Kwana goma ta yi tana kallon ɗanta ta gilashi, yana miƙa mata hannu. Tun ranar tsoro ya shige ni, ko tari ya taso min sai in haɗiye shi.

Ka san dashen ya kama, mun yi murna. To, sai wata ƙwayar cuta da ta daɗe tana barci a jikin Auta ta farka. Likita ya ce yawancin mutane suna ɗauke da ita tun ƙuruciya ba su sani ba, don sojojin jiki sun danne ta. Amma sabon ɓargon da aka sa mata na wani bawan Allah ne da bai taɓa gamuwa da cutar ba, sojojinsa ba su san fuskarta ba, tana wucewa ta gabansu suna kallo. An gwada magani biyu, ɗaya ya taɓa mata ƙoda, ɗaya bai yi komai ba. Shi ne aka kawo mana wata mai bincike daga ɗakin gwaji na hawan ƙasa, wata doguwa mai tabarau, Auta ta sa mata suna Anti Kwalba don ba ta zuwa sai da kwalabe a aljihu. Ta zauna ta yi min bayani kamar tana koya wa yaro. Ta ce a cikin jinin mutum akwai wasu fararen ƙwayoyi, su ne sojojin, da ba sa mantuwa, duk cutar da suka taɓa yaƙa suna riƙe da kamanninta har tsufa. Aikin su Anti Kwalba a ɗakin gwajin shi ne su ɗebi jinin ɗan'uwa, su tsince waɗanda suka san wannan cutar, su yi renon su kwana goma sha huɗu a wani akwati mai ɗumin jikin mutum har su yi yawa, sannan a ɗura wa mara lafiya. Ta ce abin har yanzu bincike ne, ba alkawari ba, amma sun ga ya yi wa wasu. A gwajin da aka yi mana tun farko, ni da kai ne muka dace. Ka tuna ka ce za ka taho, na ce maka ka zauna, sabon aiki ba a wasa da shi, ina da jini cike da jiki.

Yanzu ga abin da na ɓoye. Wata biyar ke nan ina shan wata ƙaramar farar ƙwaya da mai kemis na bakin titinmu ya ba ni saboda gwiwa. Ita ce ta sa nake iya durƙusawa in wanke Auta, in ɗaga ta, in kwana a kujera. Ranar ɗiban jini suka ba ni takarda mai tambayoyi. Da a da ne, sai in ce ban iya karatu ba, wani ya cika min. Amma Autar nan da kanta ta zaunar da ni ta koya min baƙaƙe bayan na yi maka aure. Na sa yatsa a ƙarƙashin layin na karanta sau biyu, ana tambaya ko ina shan wani magani. Na tuna matar nan a bayan gilashi. Na ce a raina in suka ji ina shan magani za su ce ba ni da lafiya, su fitar da ni. Na kuma ce maganin gwiwa ai gwiwa yake zuwa, ina ruwansa da jini. Na rubuta a'a da hannuna.

Kwana goma sha huɗun nan mun yi su da ƙirga. Auta tana ta tsokanata, wai in aka ɗura mata sojojina ita ma za ta fara komawa gida sau uku tana duba ko an kulle ƙofa, wai ba za su bar ko cutar ta huta da faɗa ba. A rana ta goma sha biyu Anti Kwalba ta zo ba kwalba a aljihunta. Ta kira ni tsakanin ƙofofin nan biyu, ta ce ƙwayoyin jinina sun ƙi tashi. An ba su abinci, an nuna musu cutar, suna kwance kamar waɗanda aka yi wa allurar barci. Ta ce sati guda tana zargin kanta, ta sake duba ruwan renon, ta duba akwatin, har ta yi faɗa da abokin aikinta. Sai ta tambaye ni a hankali ko akwai abin da na manta ban faɗa ba. Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kwance bakin zanina na ciro ƙwayar gwiwar na miƙa mata. Ta karanta bayan takardar ƙwayar, ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Ta ce wannan maganin ba gwiwa yake gyarawa ba, sojojin jiki yake kwantarwa gaba ɗaya don su daina kumbura gaɓa. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya fi ci min rai, ta ce da na faɗa tun farko ba wanda zai fitar da ni, kai kawai za a kira. Garin gyaran gira na taɓa ido.

Ga inda muke yanzu. Likita ya ce ba a yanke wannan ƙwayar rana ɗaya, sai a hankali, sati uku kafin jinina ya yi amfani, sannan a ƙara sati biyu na reno. Cutar kuwa ba ta jira. Ta sauka a hanjin Auta, ko ruwa ta sha sai cikin ya murɗa mata, kuma shekaranjiya ta ce tana ganin wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a idonta na hagu. Da na tambayi likita ko za ta kai sati biyar, sai ya ce shi dai ya fi son a fara a satin nan. Naka jinin in aka ɗiba ranar da ka sauka, kwana goma sha huɗu ne kawai. Ni da na ce maka ka zauna, ni ce nake cewa ka taso. Ka nuna wa shugabanka takardar nan in ya ƙi yarda, ban damu ya san abin da na yi ba. Kuma don Allah duk abin da kake sha, ko na ciwon kai ne, ko na mura, ka zuba a leda ka zo da shi ka ajiye a gaban matar nan. Kada ka gaji uwarka a wannan.

Babanku na faɗa masa ta waya lokacin da Auta ke barci, yana tsaye bayan gilashi muna kallon juna. Ya dafa gilashin da tafin hannu, ya daɗe, sannan ya tafi. Auta kuwa an ce mata ƙwayoyin ne ba su yi yawa ba. Na so in bar ta a haka, amma na ga ɓoyo ne ya kawo mu nan, don haka in na rufe takardar nan zan faɗa mata da bakina. Gwiwar ta kumbura tun da aka rage ƙwayar, yanzu da bango nake tashi, taku shidan nan ya zame min tafiya. Anti Kwalba ta ce ciwon alama ce sojojin sun fara farkawa. Shi ya sa ban roƙi Allah ya ɗauke min shi ba. Ko ka zo, za a sake ɗiban nawa a ajiye, ko za a buƙata.

Ka gaishe min da matarka, ka ce ta yafe min zan raba ta da kai na ɗan lokaci. Ka gaishe da angona ƙarami, ka ce masa amaryarsa ta tsufa ta yi ɓarna, ya zo ya yi mata faɗa in an buɗe ƙofa. Ka gaishe da surukanka da maƙwabcinka mai gyaran mota da ya riƙa tambayar jikin Auta. In ka iso kada ka tsaya gida, ka wuce asibiti hawa na uku, ka ƙwanƙwasa gilashin. Kujerata tana fuskantar wajen.

Allah ya kawo ka lafiya, ya yi maka albarka.

Ni ce mahaifiyarka.