Muryar da Ta Danne Taka, Yaya Habu

Zuwa ga yayana Habu, Allah ya jiƙanka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Mu nan lafiya lau, in dai amsar da ake ba mai tambaya ce. Har yanzu ina Jikwoyi, a ɗakin nan da ka ce tagarsa ta fi ƙofarsa girma, kuma har yanzu ina aiki a gidan jaridar da kake kira masana'antar tashin hankali.

Ƙarar kaina na kawo maka. Yaya, saura kaɗan in manta muryarka.

Ka san aikina. Duk lokacin da shugaban 'yan bindigar nan ya saki bidiyo, ni ake miƙa wa, don ni kaɗai ce a ofis nake jin Hausarsa ta daji. Sai in toshe kunne da iyafis, in saurara, in tsayar, in mayar baya, in sake, har in rubuta kowace kalma. Bidiyon minti biyar yakan cinye mini rabin yini. Na san inda yake jan numfashi, na san tarinsa, na san 'yar dariyar da yake yi kafin barazana. Daga nan mu ɗora hotonsa a saman shafi, mutane su yi ta dannawa suna tsine masa, oga yana zagaye teburanmu yana cewa yau shafi ya yi kasuwa.

Ranar da yaransa suka tare ku a hanyar gida, kai da doyar da ka saro a Karshi, labarin a teburina ya sauka. Da hannuna na rubuta "wasu matafiya", na gyara waƙafi, na tura, na fita cin abinci. Sai bayan la'asar aka kira ni aka ce kana cikinsu. Da shugaban nasu ya fito yana alfahari bayan mako biyu, shafi guda muka ba shi.

Saƙonninka na murya sun tafi da tsohuwar wayata da ta faɗa bokiti. Ban damu sosai ba a lokacin, ina ganin wa ke manta muryar yayansa? Sai wata Asabar ina wanke-wanke, na so in ji yadda kake ƙwala mini kira daga bakin ƙofa. Na rufe ido, na kasa kunne. Wallahi Yaya, muryar ɗan bindigar nan ce ta zo. Na ajiye kwanon na zauna a ƙasa, na daɗe ban tashi ba.

Tun daga nan na koma wa littattafan labarin zamanin da. A goslon Nyanya, na kusa da ni a mota yana kallon abin da na fassara a wayarsa, ni kuwa ina can cikin ayarin fatake na shekaru aru-aru. Laifinka ne ma. Kai ka saba mini da labarin kakan Baba bafatake, mai kai kanwa kudu ya dawo da goro, wanda jakunansa ke ƙaruwa duk ranar da ka sake ba da labarin. In na kama ka sai ka ce ai haihuwa suke yi.

Abin da nake so a waɗannan littattafai ba wani abu ba ne mai zurfi. Maharan cikinsu sun mutu tuntuni, ƙasa ta cinye su. Ba sa sakin sabon bidiyo ranar Litinin. In na rufe littafi, sun yi shiru ke nan.

Amma ko a can ban tsira ba. Sai ka ga babi uku a kan sulken mayaƙi da takobinsa da yadda yake kallon mutane, garin da ya ƙone kuwa layi ɗaya. Na gaji, Yaya, na gaji ƙwarai, kuma na tsorata. Wata rana bayan dukanmu mun shuɗe, wani marubuci zai zauna ya tsara labarin wannan mutum, ya ba shi ƙuruciya mai ban tausayi da maganganu masu nauyi. In ya nemi tsofaffin takardu don ya dogara da su, rubutuna zai samu. Zai tarar da kowace kalmar mutumin a gyare, kai kuma zai tarar da kai a cikin wasu matafiya.

Shi ya sa na sayi littafin rubutu mai bango ja na fara nawa. Labarin ayari ne, madugunsu sunansa Habu. Yana son dafaffiyar gyaɗa, yana tsoron kare duk girmansa, kuma ba ya taya kaya sai ya tambayi lafiyar iyalin mai kayan ɗaya bayan ɗaya. Mahara za su zo a babi na huɗu. Na yanke cewa shugabansu ba shi da suna, kuma ba zai buɗe baki ba.

Sai dai madugun ya ƙi magana kamar mutum. Duk abin da na sa a bakinsa sai ya fito kamar sanarwar ofis. Ranar Lahadi na ɗauki littafin na tafi Bwari wurin matarka, Anti Binta, na karanta mata tana tsintar shinkafa. Da na zo inda madugu ke cinikin goro, ta ɗago ta ce ba haka kake yi ba. Ta ture faranti, ta karkata kai yadda kake karkatawa, ta ja murya ta ce, "Haba maigida, dube ni da kyau, na yi maka kama da mai kuɗi?"

Na ji ka, Yaya. Har da 'yar shaƙewar nan ta ƙarshe, lokacin da dariya ke neman ƙwace maka. Muka yi dariya, muka yi kuka, na sa ta maimaita sau uku, ranar ba a ci shinkafa da wuri ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ban ajiye aikin ba, ba ni da wannan jarumtar. Da Litinin ta zo da sabon bidiyo na saurara sau ɗaya, na rubuta masa layi biyu, na ɓata sauran yinin ina buga waya ƙauye ina neman sunayen waɗanda aka kashe a sabon harin. Oga ya mayar da hoton mutumin sama, ya tura sunayen can ƙasa inda ba kowa ke kaiwa ba. Amma ya bar su.

Littafin kuwa, wata biyu ke nan ina babi na uku. Ayari ya yi zango, jakuna na kiwo, kana tsugune gaban mai goro kana tambayar lafiyar surukarsa. Anti Binta tana ta tambaya yaushe za a tashi. Na ce mata ba na sauri.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi. Allah ya jiƙan waɗanda kuka tafi tare, waɗanda har yau ban san sunayensu ba. Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya bar mini muryarka har ranar da zan sake jin ta daga bakinka. Amin.

Taka ƙanwa,
'yar bokon da kake tsokana.