Kiran Inna

Laraba da dare, Tasawa

Na dawo daga Hawandawaki a gajiye. Tun safe nike ɗaukar muryoyin tsofaffi a rikoda, don bincikena na jami'a na koya wa ordinatar, wato kwamfuta, jin Hausar ƙauye.

Iya Hajo, ƙawar Inna, ta ce, "Ɗiyata, muryar uwarki ma tana ciki? Sa mini in ji."

Na ce babu, Iya. Sadda Inna ta rasu ina karatu Faransa, ban fara aikin ba.

Sai ta ce, "To kunna, in kira ki yadda take kiranki."

Ta ja sunan, "Diiije!"

Wannan ban haɗa shi da na bincike ba. Tun isha'i nike maimaita shi, ina amsawa.