Bangon Yaya Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Litinin, 2 ga Yuni

An yi wa Yaya aikin ido yau da safe. Likita ya ce sati shida ba waya, ba kwamfuta, ko talabijin kar ya leƙa. Inna tana ta hamdala, shi kuwa bawan Allah, da bandeji a fuska, abin da ya fara fita bakinsa shi ne wai wa zai kula masa da gidansa na cikin wasan kwamfuta. Mutum mai shekara talatin da huɗu!

Na ce ni tela ce, ga kayan mutane jibge a shago. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Ƙanwata, awa ɗaya kawai a rana." Na ce to. Da na san abin da na ɗauko wa kaina... amma na riga na ce to, kuma ni ba na janye magana.

Talata, 3 ga Yuni

Yana kwance yana ba ni umarni, ni ina gaban teburinsa. Bari in rubuta kar in manta.

Wani tsibiri ne, mutum sittin ke wasa a ciki, kowa daga ɗakinsa. Ana jefa ka ba ko takalmi. Ka sari itace, ka fasa dutse, ka gina gida, wasu su zo su fasa su kwashe. Su uku suka gina nasu, wata bakwai suna yi: Yaya, da wani da suke ce wa Direba, da wata 'Yar Kemis. Ba su taɓa ganin juna ba, sai murya. A tsakar gidan akwai wani akwati da ke cin itace da dutse kullum, in ya ƙare bango ya fara ruɓewa. Aikina ke nan, ciyar da akwati.

Dokokin Yaya: in fara danna wani ɗan koren hoto a gefe, sannan in buɗe wasan. Kar in fita faɗa. Kar in yi magana da kowa. Wannan ta ƙarshen ko shi ya san ba zan bi ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na mutu sau huɗu. Biyu yunwa, ɗaya kura, ɗaya ni na faɗa rami da ƙafata.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na sa abin kunne na gaishe su. Direba mutum ne mai sanyin murya, yana ce mini ƙanwarmu. 'Yar Kemis bakinta ya fi allurar kekena sauri, mun daidaita nan take.

Ashe Shaho suke kiran Yaya a tsibirin. Wai ba a taɓa yi masa kwanton ɓauna ba, tun daga nesa yake hango mutum. Na yi dariya har na ƙware. Yayan da bara ya zuba shayi a kan tebur kofin na gefe yana kallonsa?

Gidan dai yana da kyau, ban gaya masa ba. Hawa uku. A can sama akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon teku. Direba ya ce na Shaho ne, nan yake zama in ya gaji.

Laraba, 11 ga Yuni

Wasan ba wuya. Ban san me suke ta kururutawa ba. Duk wanda ya doso sai ka ga wani jan akwati ya zagaye shi, ko yana bayan bango ne, sai ka kauce abinka. Kwana uku ban mutu ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Wannan kam sai na rubuta.

Da yamma bayan na rufe shago muka fita ɗiban dutse mu uku. Na hango mutum biyu sun laɓe, na ce, "Ku tsaya, akwai biyu bayan tsaunin can." 'Yar Kemis ta ce ina na gan su, ita dutse kawai take gani. Na ce, "Haba ke kuwa, ga jan akwatinsu nan ɓaro-ɓaro."

Sai ƙarar fankar ɗakin wani nake ji a kunnena.

Direba ya ce, "Ƙanwarmu, wane jan akwati?"

Ni da wautata na shiga bayani dalla-dalla, har da ɗan koren hoton da ake fara dannawa. 'Yar Kemis ta ce, "Wata bakwai." Abin da ta ce ke nan, ta fita.

Lahadi, 15 ga Yuni

Direba ya kira ni ina tsakiyar yankan yadi. Ya ce a wasan babu wani jan akwati. Koren nan manhajar maguɗi ce, ana ɗora ta a ɓoye don mutum ya riƙa ganin abokan wasa ta cikin bango. Akwai mai kula da tsibirin, Alƙali suke ce masa, kuma dokarsa ɗaya ce: wanda aka kama a rufe akawun ɗinsa, duk bangon da ya ɗora da hannunsa a goge. Wasan yana rubuta sunan wanda ya ɗora kowane bango. Ƙasan gidan kusan duk Yaya ne ya gina. In aka goge, sama ta rufto.

Ya ce in cire koren in yi shiru, shi zai lallashi 'Yar Kemis. Ita kuma ta turo mini saƙo: zuwa Juma'a, ko shi ya faɗa ko ita ta faɗa. Wai akwai mutanen da suka bar tsibirin gaba ɗaya saboda Shaho ya fasa musu gida sau uku, suna ganin su ne ba su iya ba.

Na lalata hannun rigar wata mata. Shekara goma ban yi irin wannan yankan ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Na jira Inna ta tafi kasuwa. Na shiga ɗakinsa na ce, "Shaho, barka da hutawa." Ya gane. Na zazzage masa tas: maƙaryaci, ya sa ni cikin ƙazantarsa ban sani ba, ya mai da ni abin dariya. Ya ƙyale ni sai da na gaji.

Ya ce, "Tun watan Nuwamba ba na bambance mutum da bishiya a wasan."

Ya ce ba korarsa aka yi daga aikin lantarki don rage ma'aikata ba, kamar yadda ya gaya mana. Jar waya da baƙa ce suka zame masa ɗaya, ya ajiye aikin da kansa kafin ya kashe wani. Ya dawo gida, wasan ne wuri ɗaya da ya rage inda ake cewa a jira shi ya iso kafin a fara. Nan ma sai ido ya fara bin sa. Ya ce sau ɗaya ya yi niyyar amfani da manhajar.

Na tuna shayin nan na bara, da yadda na yi ta tsokanarsa har Inna ta ce in bari. Na ji kunya ƙwarai. Amma na ce masa duk da haka cuta ce, waɗanda ya kora ma mutane ne. Ya ce ya sani.

Laraba, 18 ga Yuni

Na goge koren. Na shiga wasan, ashe haka yake! Ciyawa, duhun daji, kowace bishiya kamar mutum. Na mutu sau tara. An harbe ni ban ma san daga ina ba. Na janye maganata ta Larabar da ta wuce, wasan da wuya.

Amma akwati ya ci itacensa.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ban matsa masa ba, Allah ya sani. Na kai masa magani, ya ce, "Ɗauko wayar, ki danna mini wurin Alƙali." Na riƙe masa yana magana. Bai kawo zancen ido ba sam. Ya ce shi ya ɗora, shi kaɗai, abokansa ba su sani ba, ƙanwarsa ma ba ta sani ba. Da ya gama ya ce in ja masa labule.

Ni kuma na ƙara nawa saƙon a bayan idonsa. Na ce ranka ya daɗe, in aka kawo mini riga da ɗinki marar kyau, ba na jefar da rigar, farke ɗinkin nake in sake. A ba ni dama in cire bangon Yaya ɗaya bayan ɗaya in sa nawa.

Asabar, 21 ga Yuni

Alƙali ya amsa. An rufe akawun ɗin Yaya, babu dawowa. Ya ba ni zuwa Asabar mai zuwa, ƙarfe shida na yamma. Sharaɗi: sabon dutse, wanda aka fasa da hannu, ban da ko ƙwaya daga ɗakin ajiyar da Shaho ya cika.

Bangon da ke da sunan Yaya ɗari biyu da sha ɗaya ne. Na buɗe akawun nawa. Direba ya yi doguwar tafiya, sai Alhamis. 'Yar Kemis ba ta amsa saƙo. To, ni ce dai.

Lahadi, 22 ga Yuni

Bango ashirin da uku na sauya. Daga ƙasa na fara. Sai ka tokare sama da itace, ka cire tsohon, ka sa sabon da sauri. Daidai yadda nake sauya zik ba tare da rigar ta saki ba.

Talata, 24 ga Yuni

Saba'in da takwas. An tare ni a hanya sau biyu an kwashe dutsen awa guda. Na kifa kai a tebur na yi kuka, a kan dutsen da babu shi a duniya! Inna ta leƙo ta ce, "Ke ma cutar ta kama ki?" Na share ido na koma wurin fasa dutse.

Yaya daga gado ya ce in cire abin kunnen in buɗe sautin ya ji. Can ya ce, "Tsaya. Akwai mai tafiya a kan tsakuwa, ta hagunki." Na ce ban ga kowa ba. Ya ce in kwanta a ciyawa. Na kwanta. Sai ga mutum ya wuce ta gabana da bindiga.

Ban yabe shi ba. Har yanzu ina fushi.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ɗari da talatin da biyar. Na koma buɗe shago da sassafe don in tashi ƙarfe uku. Wuyana ya sage, yatsana ya yi kanta.

Na dawo gidan da kaya na tarar da tulin dutse a bakin ƙofa. Na san Direba bai iso ba tukuna. Na rubuta wa 'Yar Kemis na gode. Ta ce, "Ba don shi na yi ba. Ɗakina ne a hawa na biyu." Na ce na sani. Ta ce, "Ya idon nasa?"

Asabar, 28 ga Yuni

Ban buɗe shago ba. Matar da na lalata wa riga ta kira sau biyar, na riga na gyara, gobe ta zo.

Mu uku tun safe. Su suna kawo dutse, ni ina farkewa ina ɗorawa, Yaya yana zaune a kujera kusa da ni da kunne a buɗe kamar zomo. Shida saura kwata na gama hawa na biyu. Ɗari biyu da biyu. Saura tara, duk na ɗan ɗakinsa na sama, dutse kuma ya ƙare. Direba ya ce a ɗan ɗebo daga ɗakin ajiya, wa zai ƙirga? Kafin in buɗe baki Yaya ya matso da bakinsa ya ce, "A'a. Ku bar shi."

Karo na farko ke nan da suka ji muryarsa tun ranar da aka yi masa aiki.

Ƙarfe shida daidai ɗakin ya ɓace, ba ƙara ba ƙura. Muka tsaya muna jiran sauran ya biyo baya. Bai biyo ba. Gidan yana tsaye. 'Yar Kemis ta rangaɗa ihu har sai da na cire abin kunne.

Yaya ya ce, "Ya tafi?" Na ce ya tafi. Ya gyaɗa kai, ya lalubi bango ya koma gadonsa. Zuciyata ta karye, amma ban bi shi ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Shekaranjiya aka cika sati shida. Idon dama ya gyaru kaɗan, yana iya karanta manyan haruffa. Na hagu, likita ya yi ta kewaye-kewaye, mun dai gane. A mota Yaya ya ce, "To, ƙanwata, kin sauke nauyi. Ki koma kan kekenki."

Gaskiyarsa, aikina ya ƙare. Na shiga jiya ne kawai don akwatin kar ya zauna da yunwa. Yau ma don 'Yar Kemis ta ce ana shirin kawo mana hari. Sabon linzamin kwamfutar da na sayo kuma, tsohon ne ke mini ciwo a yatsa, ba wani abu ba.

Ɗakin sama na sake gina shi tun makon jiya da ɗan ragowar dutse. Tagar ta ɗan fi tsohuwar faɗi, kuskuren awo ne.

Da yamma ya jawo kujera ya zauna gefena, ba wanda ya kira shi. Na miƙa masa kunne ɗaya na abin sauraron, na riƙe ɗaya. Direba ya ce a fita. 'Yar Kemis ta ce, "A jira tukuna. Shi ya zauna?" Na ce ya zauna. Ta ce, "To, mu je."

Yaya ya ce kafin mu fita in hau sama, in gaya masa abin da nake gani ta tagar.

Na hau. Teku ne kawai, da wani ɗan kwalekwale. Na daɗe ina faɗa masa.