Kiran Inna

Zuwa ga Yaya Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu? Ya mutanen Fammar? Ni lafiya lau nake nan Dubai, ina ɗan cin abinci.

Kin ce kafin ta rasu Inna ta yi ta cewa a kira mata ni a waya. Wallahi ba ƙin ɗauka na yi ba. Ba a shiga ɗakin na'urorin adana bayanai da waya, ni kuwa ina ciki ina gyaran injin sanyaya su. Kafin in fito an kai Inna makwancinta. Allah ya jiƙanta.

Wai aikina ke nan, kada saƙon kowa ya tsaya a hanya.

Don Allah ki rubuto min abin da take son gaya min. Ko faɗa ne, ina so.

Ƙaninki,
Uzairu