Bulala Goma Kan Rago Ɗaya

Gwarzo,
4 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya Kano, ya mutanen ofishin da kake zama? Mu nan lafiya lau, an shigo da gero, dawa ma ta kusa. Ƙanwarka Ikilima tana gaishe ka, haka ma Baffanka Hambali.

Ba don sha'awar rubutu na ɗauki biro ba. Yau kwana shida ina kiran wayarka tana shiga ba ka ɗauka. Shi ya sa na ba Tasi'u direba wannan, na ce hannu da hannu, kada ya bar wa maigadi.

Jiya Ikilima ta gaya mini abin da kuka haɗa baki kuka ɓoye. Ta ce sunayen waɗanda za a rantsar lauyoyi a Abuja sun fito, babu naka. Ta ce jarrabawa ka ci ta, kwamitin da yake tantance halin mutum ne ya tsayar da kai, wai an taɓa yanke maka hukuncin sata a kotu. Ina tuƙa tuwo ta faɗa. Na sa ta maimaita sau uku, har tuwon ya kama ban ji ƙauri ba.

Sata, Magaji? Kai? A ina, yaushe, me ka ɗauka? A jami'a ne ko a makarantar lauyoyin? Wato shekarun nan da kake zuwa hutu kana durƙusawa kana gaishe ni, akwai alƙalin da ya san fuskarka ni ban sani ba?

Kana shekara goma sha ɗaya Allah ya yi wa mahaifinka rasuwa. Tun daga ranar ban taɓa rufe ido a kan laifinka ba, kai shaida ne. Na san abin da mutanen gari suke jira, su ce ai tarbiyyar mace ce. Na hana kaina barci don kada wannan kalma ta fito daga bakin kowa. Yanzu ga shi ka kai musu ita har gida.

Babu wadda ban gaya wa ba a Islamiyyarmu cewa ɗana zai sa baƙar riga da hular lauyoyi. Na aika Kara, kasuwar dabbobi, aka sayo mini rago fari mai baƙin kunne saboda walimarka. Yana nan ɗaure a gindin dalbejiya, safe da yamma ina ba shi dusa da harawa. Da wane baki zan ce musu an fasa?

Kuma bari ka ji, ban ga laifin kwamitin ba. Lauya shi ake danƙa wa gadon marayu da takardun gonakin mutane. Wanda hannunsa ya taɓa shiga abin wani ba a ba shi wannan amana. Da ni ce a kan kujerar, abin da zan yi ke nan, ko da ɗan cikina ne.

Ka rubuto mini gaskiya dalla-dalla, ka ba Tasi'u ya dawo da ita. Allah ya shirye ka.

Ni ce mahaifiyarka,
Uwaliya Ƙasim.

*

Gwarzo,
13 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka, da fatan kana cin abinci. Tasi'u ya ce ka rame. Mu nan jiki dai lafiya.

Ambulan ɗinka ya iso. Na zazzage shi ko akwai wata takarda a ciki, babu, ko sallama ba ka rubuta mini ba. Shafi ɗaya ne na fom ɗin da ka cike wa kwamitin. Turancina na makarantar 'yan mata ta Kabo bai gudu ba, na karanta da kaina. Sun tambaya ko kotu ta taɓa samun ka da laifin da ya shafi rashin amana. Ka rubuta e. A ƙasa ka rubuta: kotu a Gwarzo, shekarar 2015, satar rago ɗaya, bulala goma. Mai ƙara, mahaifiyata.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Zama na yi a ƙasa inda nake tsaye.

Wallahi lokacin da nake rubuta maka waccan takarda, ko sau ɗaya ragon nan bai zo mini a rai ba. Ban taɓa lissafa shi a shari'a ba. A wurina horo ne, irin wanda uba zai yi da yana raye. Na ɗauka an yi, an gama, an share.

Zan faɗi yadda nake tuna shi, don ka san ban ɓoye komai ba. Kana shekara goma sha tara. Ina kiwon rago don in sayar da Babbar Sallah, na wayi gari igiya kawai. Kwana biyu ina zargin mutane, har wani mutumin Garo ya ce ya gan ka kana ja da shi a kasuwar Kabo. Na tambaye ka ba ka musa ba. Na tambayi kuɗin ka sunkuyar da kai. A raina na yanke cewa waya ka saya, ko gidan kallon ƙwallo ya cinye. Mai unguwa ya zo har zaure ya ce a kashe maganar a gida. Baffanka Hambali ya ce zai biya ragon, ya kuma zane ka da hannunsa in ina so. Na ce a'a, bulalar gida ba ta shiga jikin saurayi, ta hukuma nake so, wadda ba za ka manta ba. Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ka san ɗan fari ne kai, ban taɓa kiran sunanka na yanka ba. Ranar nan a gaban alƙali aka ce in faɗi sunan wanda nake ƙara, na faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Alƙali ma ya tambaye ni sau biyu ko zan yafe. Na ƙi. Ni ce na juyo na ce maka ka amsa laifinka, gaskiya dokin ƙarfe ce. Ka amsa.

Ranar Litinin na hau babur na tafi kotun. Magatakardan wani dattijo ne, Malam Uwaisu. Ya ɗauki kusan awa biyu yana tonon kabad kafin ya fito da fayil ɗin, gara ta ci gefensa. Na ga sa hannuna. Na tuna ranar har alfahari na yi da aka miƙo mini tawadar dangwale na ce ni biro nake riƙewa.

A shafi na biyu na ga abin da ban taɓa sani ba. An rubuta bayaninka: ka sayar da ragon ne don ka yi rajistar jarrabawar shiga jami'a, saura kwana biyu a rufe, kuma ka roƙe ni na ce ka bari sai baɗi. Magaji, ina cikin kotun ka faɗi wannan? Malam Uwaisu ya ce dole ina ciki, tunda ni ce mai ƙara. To ban ji ba. Ina can ina shirya abin da zan faɗa. Shekara tara ina zaton Baffanka ne ya biya maka, shi kuma yana zaton ni ce.

Na ce wa Malam Uwaisu na zo janye ƙarata. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Hajiya, ƙara ake janyewa, hukunci kuwa ya zauna. Bulalar ma za ki iya janye ta?" Na ce ragona ne, ɗana ne, na yafe duniya da lahira. Ya ce yafiyata tana da lada a wurin Allah, amma ba ta goge tawada. Ya ce lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce tun tuni, sai dai a nemi afuwar gwamnati, ita kuma ba a sa mata rana.

Akwai abin da nake jin kunyar rubutawa, amma zan rubuta. A kan babur ina dawowa, zuciyata ta ce mini: me ya sa yaron nan bai rubuta a'a ba? Wa zai taso daga Abuja ya zo tonon kabad ɗin da gara take ci? Ni Uwaliya, da nake tsayawa gaban matan Islamiyya ina karanta musu hadisin munafuki, ni ce na yi wannan tunani har muka wuce tasha. Na yi istigfari. Kai da aka daka ka riƙe abin da na koya maka, ni da na sa aka dake ka na sake shi a tafiyar minti goma.

Da na gaya wa Baffanka, bai tausaya mini ba. Ya ce, "To Malama, kin ce kina son wadda ba zai manta ba. Ga shi hukuma ma ba ta manta ba."

Ikilima ta ce kwamitin zai saurare ka a watan gobe. Zan zo. Ba izininka nake nema ba, sanar da kai nake yi.

Mahaifiyarka,
Uwaliya Ƙasim.

*

Gwarzo,
20 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau. Ya jikinka, ya haƙuri? Mutanen gida duk suna gaisuwa.

Tun da muka rabu a tashar Abuja ba mu yi magana ba. Ka gaishe ni yadda ya kamata, ka riƙe mini jaka, ka saya mini ruwa, amma ba ka dubi fuskata ba. Ban ce ka yi laifi ba.

Ka ji abin da na faɗa wa 'yan kwamitin nan su bakwai. Na gaya musu in akwai mai laifi a fayil ɗin, sunanta yana sama, ba a ƙasa ba. Ka ga yadda dattijuwar nan mai farin gashi ta ajiye biro ta tambaye ni ko na san abin da kotu take nufi ranar da na kai ka. Na ce na ɗauka makaranta ce mai bulala. Wani a cikinsu ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Na fito ina ganin kamar an gama, don a sanina in mutum ya faɗi gaskiya ya ba da haƙuri, magana ta mutu.

Ranar Talata Ikilima ta karanta mini amsarsu da ka tura mata. Sun yaba da gaskiyarka, sun yarda da bayanina, amma ba za su rantsar da kai ba sai ka kawo takardar afuwa, sannan su sake zama. Na karɓi wayar na karanta da idona ko ta tsallake wani layi. Ba ta tsallake ba.

Ta kuma gaya mini sauran, bayan na matsa mata. Abokan karatunka sun fara tsayawa gaban alƙalai, kai kana bin su a baya da fayil. Mai ofishin ya ba wani kujerar da ya ajiye maka, don ba zai iya jiran abin da ba shi da rana ba. Ka nemi aiki a wani kamfani, ka tarar da tambayar nan a fom ɗinsu, ka sake rubuta e, ba su kira ka ba. Ashe haka abin yake? Ashe duk ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, ragon nan ya riga ka isa?

Na je Kano ranar Alhamis na kai takardar neman afuwar, da wasiƙar mai unguwa da ta Baffanka da tawa. Ban biya ta wurinka ba, ban san da wace fuska zan shigo ba. Ma'aikacin ya ce wani yakan samu a shekara, wani biyu, wani har ya gaji. Na ce masa zai gaji da ganina kafin in gaji da zuwa. Duk farkon wata zan hau motar Tasi'u.

Jiya a Islamiyya ɗaya daga cikin matan, Hajaratu, ta tambaye ni yaushe ne walima, tana murmushin da na sani. Na miƙe na gaya musu duka, tun daga igiya har Abuja. Na ce duk wadda ɗanta ya yi mata laifi ta hukunta shi a tsakar gidanta, kuma kafin ta ɗaga hannu ta tambaye shi dalili, ta tsaya ta ji amsar.

Tasi'u zai sauke maka kaya a bayan mota tare da takardar nan. Ragon walimar ne, mai baƙin kunne. Ya yi ƙiba, ka yi hankali da shi, yana tunkuyi. Naka ne halak malak. Ka sayar, ka yanka, ka bayar, babu mai tambayar ka inda ya tafi. Na rubuta hakan a wata takarda daban na sa hannu, Baffanka da mai unguwa sun shaida, don yanzu na san abin da aka rubuta shi yake zama.

Sau ɗaya na taɓa kiran sunanka a duniya, kuma ka san inda na kira shi. Ba na son ya zama shi ke nan.

Zayyad, ka yafe mini. In wayar ta yi maka nauyi, ka rubuto ko layi ɗaya ne. Tasi'u yana juyowa bayan la'asar, zan tsaya a tasha.

Ni ce mahaifiyarka,
Uwaliya.